Tsibirin Man: a jirgin ruwa za ka je, kuma kada ka yi jeka-ka-dawo

Tambaya: Ina karatu a Manchester. Na ji akwai tsibiri kusa da mu da jirgin ƙasa mai tururi ke aiki har yau. Yaya ake zuwa, kuma yini ɗaya zai isa?

Amsa: Tsibirin Man kake nufi, a tekun da ke tsakanin Ingila da Ailan. Yini ɗaya ba zai ishe ka ba, malam. Ka ware kwana biyu aƙalla.

Kamfanin Steam Packet, wanda ke wannan zirga-zirga tun 1830, shi zai kai ka Douglas, babban birnin tsibirin. Daga Liverpool akwai jirgin ruwa mai gudu, Manannan, kusan awa 3, amma ba ya aiki da hunturu. Daga Heysham kuwa, wata tashar jirgin ruwa a arewa da Liverpool, babban jirgi ne, Manxman, kusan awa 4. Tekun nan ba ta da alƙawari. In kana da saurin tashin zuciya, bi babban, ka sha maganin jiri tun kana tudu, ka zauna a tsakiya inda jijjiga ta fi sauƙi.

Jirgin tururin yana tashi daga Douglas zuwa Port Erin, mil 15 da ɗoriya, tafiyar kamar awa ɗaya, a layin da aka buɗe a 1874. Faɗin dogon ƙafa 3 ne kacal, bai kai ma tsohon layinmu na Legas zuwa Kano ba, wanda ya fi shi da inci 6. Yawancin kawunan jirgin a garinku Manchester aka ƙera su, a masana'antar Beyer Peacock. Ka isa tasha da wuri ka ga mai wuta yana ɗura kwal da shebur, ga tagulla an goge ta tana sheƙi. Taragon katako ne, kowane ɗaki da ƙofarsa, tagar kuma da ɗamarar fata ake sauke ta. In ka leƙa, toka na iya faɗa maka a ido, don haka farar shadda ta zauna a gida. Ka sauka Castletown ka ga gidan sarautar Rushen, wani jirgin zai kwashe ka.

Washegari sai jirgin ƙasa na lantarki, na 1893, zuwa Laxey, daga nan ka canja zuwa wanda ke hawa dutsen Snaefell mai tsayin mita 621. In gajimare ya rufe kan dutsen, ajiye kuɗinka.

Jiragen ƙasan nan suna hutu da hunturu, galibi daga Maris zuwa farkon Nuwamba suke aiki. Ka kuma guji ƙarshen Mayu da farkon Yuni, lokacin tseren babura na TT: masauki yakan yi tsada, kujerar jirgin ruwa ma sai mai rabo.

Fam ɗin Ingila yana ci a can, amma tsibirin na da nasa takardun kuɗi, waɗanda shagunan Manchester ba sa karɓa. Kashe canjinka kafin ka hau jirgin dawowa.