Tambaya da Amsa: "Borrow" da "Lend", wane ne na mai karɓa wane ne na mai bayarwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara basira. Ni ɗaliba ce ina ajin ƙarshe a sakandare, bana in sha Allahu zan zana WAEC da NECO. Rannan muna cikin aji birona ya ƙi rubutu sai na juya na ce wa ƙawata "borrow me your biro", ashe malamar Turanci tana bayana ban sani ba, ta ce in tashi in maimaita abin da na faɗa, na maimaita, kawai sai ta ce to wa zai ara wa wani a nan, 'yan aji suka kwashe da dariya alhali wallahi su ma duk haka suke faɗa kullum. Ta ce wai "lend" zan ce amma ba ta tsaya ta yi bayani ba aka buga ƙararrawa. Ni dai tun ina firamare haka nake ji, har yayana da ya gama jami'a haka yake faɗa. Dan Allah Malam meye bambancinsu, kuma ya zan yi in daina rikita su? Daga wata ɗalibarka a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, iyali lafiya lau, Allah ya ba da sa'ar jarabawa. Toh da farko dai ki kwantar da hankalinki, wannan dariyar da aka miki rabin masu yin ta ba su san abin da suke wa dariya ba, sun ga malama ta ɗaure fuska ne kawai suka bi. Amma malamarki tana da gaskiya.

Maganar a taƙaice ita ce, "borrow" aikin mai karɓa ne, "lend" kuma aikin mai bayarwa. Biro ɗaya ne, mutum biyu ne, abu ɗaya ne ya faru, sai dai kowa da sunan abin da ya yi. Ke da kika miƙa hannu kika karɓa kin yi "borrow", ƙawarki da biron ya bar hannunta ta yi "lend". Shi ya sa in za ki roƙa hanya biyu ce gare ki, ko ki ce "lend me your biro" wato ara mini bironki, ko ki ce "can I borrow your biro" wato ko zan iya aron bironki. Duk biyun daidai ne, na biyun ma ya fi ladabi a kunnen Bature. Wanda ba ya zama shi ne ki ɗauko kalmar mai karɓa ki ɗora wa mai bayarwa.

Yanzu bari mu zo kan dalilin da ya sa muke faɗawa wannan ramin, don ni a ganina in ba a gane dalilin ba ko sau ɗari aka gyara wa mutum gobe ma zai koma. Laifin ba na ƙwaƙwalwarki ba ne, Hausar da ke bakinki ce take aikinta. Mu a wurinmu kalma ɗaya ce take ɗaukar ɓangaren biyu, sai dai ta ɗan canza kama. Duba: na ari littafi, na ara masa littafi. Na ranci kuɗi, na ranta masa kuɗi. Kin ga tushen ɗaya ne, ƙarshen kalmar ne da karin murya da kuma wannan ɗan "masa" ɗin suke gaya mana ina kayan ya nufa, kuma ba wani Bahaushe da ya taɓa rikicewa a kai, ko yaro ɗan shekara biyar ka ce masa je ka ari tsintsiya ya san karɓowa zai yi. To sai muka zo Turanci muka tarar da "borrow" muka ce shikenan ga "ara" ɗinmu, muka riƙa juya ta gaba da baya yadda muka saba, ba mu san su can sun raba gida biyu ba. Ga kuma Turancin buroka da ake ji a tasha da kasuwa da finafinan kudu, shi ma "borrow me" yake cewa, sai kunne ya saba har ya zama kamar shi ne daidai. Irin wannan ce take faruwa da koyo ma, na koyi ɗinki, na koya mata ɗinki, kalma ɗaya, amma Turanci ya ce "learn" daban "teach" daban.

Ga dabarar da nake ba ɗalibaina, kuma ban taɓa ganin ta ba da kunya ba. Kafin ki buɗe baki ki faɗi maganar da Hausa a zuciyarki. In kika ji "mini" ko "masa" ko "mata" ko "wa wane" ya biyo bayan ara, to "lend" ce. In kuma kika ji "a wurin wane" ko "daga wajen wane", to "borrow" ce. Na ari dubu biyu a wurin Yaya, "I borrowed two thousand from my brother". Yaya ya ara mini dubu biyu, "my brother lent me two thousand". Turancin ma da kansa ya sa alama, "borrow" tana tafiya da "from", "lend" tana tafiya da "to", duk inda kika ga an bar gurbi a takardar jarabawa kuma ga "from" a gaba kin san amsa tun kafin ki gama karanta jimlar. Masu shirya tambayoyin nan suna son wannan tarkon sosai saboda sun san inda yaranmu suke zamewa.

Wani abin da zai ba ki dariya, ita "borrow me" ɗin ba wai ba ta da ma'ana kwata-kwata ba ne, tana da ita, sai dai ba wadda kike nufi ba. Ki tuna bambancin "ara mini" da "aro mini". In Mama ta ce aro mini turmi a gidan Hajiya, ai ba turminki take so ba, aike ne, ki je ki karɓo mata na wani. To Bature in ya ji "borrow me a pen" abin da ya fi kusa da kunnensa ke nan, wato je ki aro mini biro a wani wuri. Kin ga ke kina roƙon biron da ke hannun ƙawarki, a Turance kuma kin aike ta maƙwabta.

Sai ki kula da shuɗaɗɗen lokaci, nan ma ana yawan faɗuwa. "Borrow" ba ta da rigima, "borrowed" ce. Amma "lend" ba a cewa "lended", sai "lent", kamar yadda "send" take komawa "sent". Kuma kar ki haɗa ta da Lent ɗin nan na Kiristoci, azumin kwana 40 da suke yi kafin Ista, wannan kalma ce daban rubutu ne kawai ya zo ɗaya.

Ni abin da ya fi burge ni a wannan maganar, kuma kullum nake so yaranmu su sani don su daina jin kamar harshensu ne bai kai ba, shi ne kowane harshe da inda ya zaɓa ya ja layinsa. Turanci ya damu da ina kayan ya nufa, amma bai damu da wane irin kaya ba ne. Mu kuma mun damu da irin kayan. Aro daban rance daban. Abin da za ki mayar da shi shi ɗin dai da kansa, tabarma, tsani, guga, akushi, mayafin zuwa biki, wannan aro ne. Abin da za ki cinye ko ki kashe sannan ki biya da irinsa, kuɗi, kwanon masara, gishiri, wannan rance ne, ba wanda yake tsammanin ki dawo masa da ainihin takardar dubu ɗayan da ya ba ki. Malaman fiƙihu ma haka suka raba, ariya daban ƙardu daban, kowanne da hukuncinsa. Na san yanzu an saki, za ka ji mutum ya ce ara min dubu biyar zuwa ƙarshen wata, ba wanda zai ce ya yi kuskure, amma har gobe ba za ka ji an ce ranta min tsaninka ba. Ga kuma bashi can gefe, wanda aka ce hanji ne yana cikin kowa. Bature duk wannan "borrow" ɗaya ya tattara ya zuba su, tsani "borrow", miliyan goma a banki "borrow". To wa ya fi wani? Ba kowa, kowa dai da inda ya sa ido.

Kuma ba mu kaɗai ba ne muke haɗa ɓangaren biyu a kalma ɗaya. Jamusawa suna da "leihen" tana yin aikin biyun, mutanen Holan suna da "lenen" ita ma haka. A Amurka ma, can jihohin Minnesota da Wisconsin inda Jamusawa da mutanen arewacin Turai suka zauna da yawa, har yau akwai masu cewa "borrow me" a maganar gida, ta hanyar da mu muka samo tamu su ma suka samo, wato harshen iyaye ne ya biyo su. Ita kanta "borrow" ɗin a tsohon Turanci na shekaru sama da 1000 da suka wuce daga kalmar jingina ta fito, abin da ake ajiyewa a matsayin lamuni kafin a ba ka kaya. Amma dan Allah kar ki je ki gaya wa malamarki wai Malam ya ce a Amurka ma ana faɗa, mai duba takardar WAEC ba ruwansa da Minnesota, jan biro zai sa miki. 'Yan uwanmu na Nijar su ma ba su tsira ba, Faransanci ya raba, "emprunter" ta mai karɓa "prêter" ta mai bayarwa.

Shi kuma yayanki ki gyara masa a hankali ba a gaban mutane ba, kin dai ji yadda abin yake da zafi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne ina sayar da atamfa da shadda, Turancina na kasuwa ne ba mai zurfi ba. Wani abokina zai karɓi kuɗi a hannuna na wata shida sai muka ce a rubuta saboda halin rayuwa, yaron da ya buga mana takardar a kwamfuta ya sa wuri biyu na sa hannu, ɗaya "lender" ɗaya "borrower", ni dai na tsaya ban sa ba na ce sai na tambaya. A ina zan sa? Sannan ita "loan" da muke ji kullum ta wane ne a ciki? Daga Kano.

AMSA: Alhaji sannu da ƙoƙari, kuma wallahi ka yi dabara da ka tsaya, don wannan ba irin kuskuren aji ba ne da za a yi dariya a wuce, in ka sa hannu a gurbin da ba naka ba takarda za ta nuna kai ake bi, ranar da aka samu saɓani kuwa takarda ake dubawa ba abin da ke zuciya ba. Kai da kuɗi zai fita daga hannunka kai ne "lender", abokinka mai karɓa shi ne "borrower". In kana son abin tunawa, ka tuna shirin nan na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 don manoman shinkafa, Anchor Borrowers, ai manoman da suka karɓi rancen su ne "borrowers" ɗin, ba bankin ba.

Ita kuma "loan" ba ta kowa ba ce, sunan kuɗin ne da kansa, wato rancen. Kai ka ba da "loan", shi ya karɓi "loan", kamar dai yadda muke cewa ya ba da rance ya ci rance. Amurkawa sukan yi amfani da ita a matsayin aikatau su ce "loan me", to in ka ji haka ma'anarta ɗaya da "lend me", ɓangaren mai bayarwa take, ba ta taɓa komawa ɓangaren mai karɓa.

Tunda har kun kai ga rubutu, ka duba ko yaron ya sa gurbin "witness", su ne shaidu, in bai sa ba ya ƙara layi biyu. In kuma ka ga "guarantor" to wannan ba shaida ba ne, shi ne wanda ya tsaya wa abokin naka, in bai biya ba shi za a kama, saboda haka duk wanda zai sa hannu a nan a fassara masa da Hausa tukuna ya ji da kunnensa. Adadin kuɗin kuma a rubuta shi da lamba a sake rubuta shi da kalmomi, da ranar biya, kowa ya riƙe kofi ɗaya.