Shin fitowar matasan Tailan ta yi amfani?

Tambaya: Malam, jiya a fadarmu ta Zango, nan Damagaram, gardama ta kaure har shayi ya huce. Zanga-zangar matasan Tailan ta taɓa haifar da ɗa mai ido?

Amsa: Ƙanena, ta taɓa. A Oktoban 1973 ɗalibai suka cika titunan Bankok, aka zubar da jini, har Thanom Kittikachorn, sojan da ke mulki, ya tsere daga ƙasar. A 2020 suka sake fitowa, suna ɗaga yatsu uku alamar adawa, suna neman Prayut, firaministan lokacin, ya sauka. Ya ƙi. Amma a zaɓen 2023 jam'iyyar da suke mara wa baya, Move Forward, ta fi kowace samun kujeru, 151. Abin da ya fi yi min ciwo, sanatocin da sojoji suka naɗa ne suka tare mata hanyar kafa gwamnati, kotu kuma ta rusa ta a 2024.