Ku Tambayi Kawu: Rigimar lido a fada, da wasan da ya dace da yara

Tambaya: Kawu, ina gaisuwa. Muna da fada a unguwar Wadata nan Tawa. Bayan isha'i mukan ɗora shayi mu baje lido. Akwai wani abokinmu da shida ba ta yi masa wuya, ran nan sau uku a jere ya jefa ta, ni kuwa har aka sha shayi na biyu ɗana ko ɗaya bai fita gida ba. Wasu sun ce dabarar hannu gare shi, wasu sun ce ɗan lidon ne ba daidai ba. Maganar ta kai mutum biyu ba sa gaisawa. Yaya za mu gane gaskiya?

Amsa: Ɗana, ina amsawa, ka gaishe mini da ƴan fadar. Kafin ku ɗora wa kowa laifi, zauna mu yi lissafi. Ɗan lido fuska shida gare shi, rabon kowace fuska ɗaya ne cikin shida. Mutane sun ɗauka in ka jefa sau shida dole shida ta leƙo ko sau ɗaya. Ba haka abin yake ba, don ɗan lido ba ya tuna abin da ya fito ɗazu. A cikin mutum uku da kowannensu ya yi jifa shida, kusan ɗaya zai tashi bai ga shida ba. In jifa 12 ne, mutum ɗaya cikin tara zai tashi haka. Zaman da ka yi a gida ke nan, kuma ba wanda ya yi maka komai. Shida uku a jere kuwa sau ɗaya take zuwa cikin 216. Ka ji kamar da wuya, amma ku huɗu ne, a dare guda kuna yin jifa ɗaruruwa, kullum kuma kuna zama. Dole wata rana ta faɗa a hannun wani.

Duk da haka ɗan lido yana iya zama da matsala, musamman na roba mai araha wanda kusurwarsa ta cinye ko ta gutsure. Ka ɗauke shi ka duba: fuskoki biyu da suka ba juna baya jimlarsu bakwai ce, 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4. Daga nan ku sami bik da takarda, a gaban kowa, a jefa shi sau 120, ana rubuta abin da ya fito. Kowace lamba za ta faɗo kusa da 20. In ka ga 15 ko 25, ba komai. In shida ta haura 30, ku sake wani zagaye. Ta maimaita? Ku yar da shi ku sayi sabo.

Dabarar hannu ma akwai ta. Wani yakan riƙe shida a sama ya sulalo da ɗan lidon a kan allo ba tare da ya mirgina ba. Maganinta gwangwanin tumatir ƙarami, a wanke shi, a daddanne bakin don kada ya yanki yatsa. Kowa ya girgiza a ciki ya zubo, har da kai, don kada abokin naku ya ga kamar shi kaɗai aka nufa.

Amma a ganina ba nan rigimarku take ba. Lido daga wasan Indiya mai suna pachisi ya samo asali, wanda da wuri ake jefa shi, aka mayar da shi mai ɗan jifa a Ingila a 1896. Tun daga lokacin kowane gari da yadda yake yin sa, kai, kowace fada ma. A wani wuri shida uku a jere ta ƙone, mai ita ya rasa jifar. A wani wuri ta ci. Wasu sun yarda ƴaƴa biyu su tare hanya, wasu ba su san da wannan ba. In ɗan lido ya faɗo daga allo ya tsaya a kan tabarma, a ƙirga ko a sake? Shiga gida sai da lambar da ta yi daidai, ko ko wadda ta wuce ma ta isa? Duk wannan ku yanke shi tun shayin farko bai tafasa ba, domin dokar da aka tuno da ita bayan an cinye ɗan wani ita ke kawo ɓacin rai. Kuma ina roƙonku kada kuɗi su shiga, ko dala biyar ce. Su biyun da suka daina gaisawa, babbanku a fadar ya kira su gobe, kada a bari ya kwana biyu.

Tambaya: Kawu, ni uwa ce a Bukoki, Yamai, yarana uku. In hutu ya zo ko aka ɗauke wuta ba su da abin yi sai faɗa a kan wayata. Na so in saya musu lido, malamin makarantar allonsu ya ce wasan jifa bai halatta ba. Me zan ba su?

Amsa: Ƴata, Allah ya raya su. Malamin bai faɗi son ransa ba. Akwai hadisi a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da kuma Sahihu Muslim da ya yi hani ga wasan nardu, wanda da ƴaƴan jifa ake yin sa, kuma malamai da yawa sun sa lido a wannan layi. Fatawa tasu ce, ki bi wanda kika amince da iliminsa. Abin da zan ce miki shi ne, wasan da ya fi lido amfani ga yaro ba ya buƙatar jifa ko kaɗan, kuma namu ne: dara. Maƙwabtanki Zabarmawa dili suke ce mata.

Nan Tawa har yau za ki ga dattawa a inuwa sun haƙa gurabe a rairayi, wannan da tsinkaye, wancan da tsakuwa, mutane sun yi musu zobe ba mai cewa uffan sai an ci. Ke ba sai kin haƙa tsakar gidanki ba. Ki je wurin mai shayi ki roƙi faifan kwalin da ake jera ƙwai, mai gurbi 30. Jeri biyar ne, kowanne gurbi shida, daidai da gidan dara. Ki tara marafan kwalba 12 masu launi ɗaya, da ƙwallon dabino 12.

Ga yadda muke yin ta. Da farko kasawa: kowa ya sa ɗa ɗaya, ɗayan ya sa nasa, har 24 su ƙare, gurbi shida su rage ba kowa. A lokacin kasawa ba a yarda ka jera uku ba. Daga nan sai tafiya: ɗa yana matsawa gurbi ɗaya, gaba, baya ko gefe, ba ya tafiya a karkace, ba ya tsallake wani. Wanda ya jera uku a miƙe ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin wasansa, wanda ya ga ya fi yi masa barazana. Huɗu a jere ba ci ba ne. Wanda ƴaƴansa suka ragu har ba zai iya jera uku ba, an cinye shi. Akwai ƴan bambance-bambance daga gari zuwa gari, in kakansu ya zo da tasa dokar ku bi tasa.

Daɗinta yana wurin kasawa. Yaro zai fara da zubawa ko'ina, bayan kwana kaɗan sai ki ga ya tsaya da marfi a hannu yana kallon inda yayansa ya dosa. Ranar da ya gano doki kuwa, ranar za ki ji ihu. Doki shi ne ka sami jeri biyu maƙwabta, kowanne da ƴaƴa biyu, da ɗa na biyar da ke kai da komo tsakaninsu: ya hau ya cika uku, ya sauko ya cika uku, kowane taku ci. Yaron da aka taɓa hawa da doki ba ya sake kasa dara da ka.

In sun ƙware suna son ƙari, akwai dam mai gida 100, kowa da ƴaƴa 20, wadda Baba Sy na Senegal ya yi suna da ita a duniya. Babban kuma, in ya shiga kwaleji, Scrabble na Faransanci mai haruffa 102 zai taimake shi da rubutu, sai dai shi kam saye ake yi, kuma harafi ɗaya ya ɓace wasan ya gurgunce, don haka ki ɗinka masa ƴar jaka mai zare.

Darar ki fara koya wa babban, shi zai koya wa ƙannensa. In autar ta cika shan kaye har tana kuka, a rage wa yayan nata ƴaƴa biyu tun wurin kasawa, ya shiga da goma ita da sha biyu.