Mabiyan babban jarumi: yadda ake rubuta musu doka

Ka ce, "Maigida, jaruman da ke teburina na wasan Dungeons & Dragons sun kai mataki na 9, na rubuta doka cewa kowanne ya samu mayaƙa ashirin. Faɗa ɗaya ya cinye mana zama guda, kuma dodon da na tanada ya mutu a zagaye na biyu. Ina gyaran yake?"

To, yarona, matsala biyu ka kawo, amma uwarsu ɗaya. Ka ɗauki mabiya a matsayin ƙarin takubba. Da can ba don haka aka sa su ba. A tsohon tsarin Dungeons & Dragons, wasan ba da labari a kan tebur da ake yi da dayis (ƙwaya mai lambobi da ake jefawa), wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, har zuwa littattafan 1978 da 1979, mabiya suna zuwa ne sa'ad da jarumi ya daina zama ɗan yawon kogo ya zama mai ƙasa. A littafin 1978, mayaƙi ya kai mataki na 9, ya share daji, ya gina ganuwa, sannan dakaru su zo, kuma ya riƙa karɓar tsabar azurfa 7 a wata daga kowane mazaunin ƙasarsa. Mai hidimar wurin bauta yana samun mabiya 20 zuwa 200 a mataki na 8 idan ya kafa wurin ibada. Ɓarawo a mataki na 10 yana samun yara 4 zuwa 24. Ka lura, kowanne an ɗaure shi da wuri. Mutanen na tsaron ganuwa ne da karɓar haraji da sintiri, ba na cusa kai a rami mai faɗin ƙafa goma ba. Kai ka ɗauko mutanen ka bar ganuwar.

Abin da za ka fara yi shi ne raba su gida uku, don kalmar "mabiyi" tana rufe abubuwa daban-daban. Akwai na hannun dama: mutum ɗaya mai suna, mai takardarsa, wanda yake shiga haɗari tare da maigidansa yana cin rabon ganima. Akwai jama'a: dakaru, almajiran sihiri, 'yan leƙen asiri, waɗanda ake ƙirgawa da goma-goma. Akwai kuma 'yan haya, waɗanda kuɗi ya kawo su kuma rashinsa zai kore su. 'Yan haya ba sa buƙatar komai sai farashi da layi ɗaya kan lokacin da suke gudu. Aikinka yana kan biyun farko.

Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, yi lissafin lokaci, don shi ne abin da mabiya suke ci da gaske. A ce 'yan wasa huɗu ne, kowanne yana ɗaukar minti biyu a juyinsa, kai mai jan wasa, mai ba da labari da motsa dodanni, kana ɗaukar huɗu. Zagaye ɗaya minti 12 ke nan. Ƙara mayaƙa 20, kowanne da jefa dayis ɗinsa na sara da na ɓarna, a ce daƙiƙa 20 ga mutum ɗaya: kusan minti 7 sun hau. Idan jarumai huɗun duk suna da ashirin-ashirin, minti 27 aka ƙara wa kowane zagaye. Wanda ya zo wasa ya koma ɗan kallo. Saboda haka dokar farko da za ka kafa wa kanka ita ce: duk yawan mabiyan mutum, kada su ƙara wa juyinsa fiye da jifa ɗaya.

Hanyar cika wannan ita ce runduna. Mutum goma su zama abu ɗaya a kan tebur, da layi ɗaya a takarda: makin sulke ɗaya (lambar da mai hari zai kai kafin ya same ta), jifa ɗaya ta hari, ɓarna ƙayyadadda wadda ba a jefa mata dayis. Kada ka tara musu makin rai kana ragewa ɗaya-ɗaya, wannan aikin akawu ne. Ba su hali uku: cikakkiya, raunana, watsattsiya. Bugu mai ƙarfi ya saukar da ita daraja ɗaya, raunana kuma ɓarnarta rabi ce. Idan kana son ka bar jifa gaba ɗaya, littafin mai jan wasa na 2014 yana da jadawali mai kyau: idan ana buƙatar 6 zuwa 12 a dayis mai fuska 20, mutum ɗaya cikin biyu ne yake samu, 13 ko 14, ɗaya cikin uku, 15 ko 16, ɗaya cikin huɗu, idan sai 20, ɗaya cikin ashirin. Ka duba, ka raba, ka faɗi sakamako.

Yanzu dalilin mutuwar dodonka. A bugu na biyar na dokokin wasan, wato na 2014, da gangan aka matse tazarar lambobi, ta yadda ƙaramin soja yana iya samun babban dodo. Ɗauki dogari na cikin littafi: ƙarin 3 a hari, māshinsa yana yin ɓarnar dayis mai fuska shida da ƙarin 1, wato matsakaicin 4.5, makin ransa 11. Babban jan dodo mai feshin wuta yana da sulke 19 da rai 256. Dogari yana buƙatar 16 a dayis mai fuska 20 (19 a cire ƙarinsa na 3), kashi 25 cikin ɗari ke nan. Dogarai 80 ɗinka, idan duk suka samu damar jifa, ashirin za su samu, ɓarna kusan 90 a zagaye ɗaya, ban da ta jaruman kansu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma lissafi ne ya ce haka, ba rashin sa'a ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, dunƙulen wutar mai sihiri yana cin dayis takwas masu fuska shida, matsakaici 28. Wanda ya kauce ya sha rabi, 14, har yanzu ya fi 11. Wato mutanen nan ko dai su kashe dodo kafin ya motsa, ko su ƙone duka a numfashi ɗaya. Babu tsaka-tsaki, kuma duka biyun ba daɗi.

Maganinsa kashi biyu ne. Na farko, ka iyakance abin da ke shiga fagen jarumai: runduna ɗaya ga kowane ɗan wasa a fili, na hannun dama kawai a cikin kogo. Kuma aikin rundunar ya fi karkata ga taimako: tare hanya, riƙe ƙananan maƙiya, jan wanda ya faɗi, ba maigida ƙari a harinsa. Na biyu, ka raba faɗuwa da mutuwa. Bayan faɗa, a jefa dayis mai fuska shida ga kowace rundunar da ta watse: 1 ko 2, rabinta ya mutu, 3 ko 4, jinyar wata guda, 5 ko 6, ta taru da safe. Idan ba ka yi haka ba, ɗan wasa zai yi ɗaya cikin biyu: ya ɓoye mutanensa a gida har abada don tsoro, ko ya daina damuwa da su ya riƙa tura su gaba su taka tarko.

Wannan na ƙarshen shi ya kawo mu kan amana, inda na fi so ka daɗe. Mabiyin da ba ya iya cewa a'a ba mutum ba ne, sanda ce. Dokar wasan ta 1981 da Tom Moldvay ya shirya ta yi wannan da sauƙi ƙwarai: makin kwarjinin jarumi shi ke yanke yawan barorinsa da ƙarfin zuciyarsu. Mai kwarjini 9 zuwa 12 yana riƙe huɗu, zuciyarsu 7. Mai 18 yana riƙe bakwai, zuciyarsu 10. A jefa dayis biyu masu fuska shida, idan jimillar ta wuce lambar, bara ya juya baya. Amfanin dayis biyu shi ne kowane maki yana da nauyi. A kan 7, sau 15 cikin 36 za a gudu. A kan 8, sau 10. A kan 9, sau 6. A kan 10, sau 3 kacal. Don haka kada ka yi almubazzaranci da ƙari. Maki ɗaya lada ne babba, biyu ya isa iyaka.

Rubuta abubuwan da ke ɗaga amana da masu sauke ta, kada su wuce huɗu-huɗu, kuma su zama ayyukan da ake gani a wasa. Maigida ya koma ya ɗauko wanda ya faɗi, ya biya fansar wanda aka kama, ya ba da rabo fiye da alkawari: ƙari ɗaya. Ya yi jinkirin albashi, ya tura su inda shi ya ƙi shiga, ya bar gawa a fage: ragi ɗaya. Sannan ka faɗi ƙarara lokacin da ake jifar: idan rabi suka faɗi, idan maigida ya faɗi, idan an ba da umarnin da kowa ya san mutuwa ce, da kuma ƙarshen kowace tafiya. Ban da waɗannan kada a jefa. Idan kana gwada amana a kowane lungu, ko mai 10 sai ya ci amana wata rana, ɗan wasa kuma ya ga zalunci ne. Haka nan faɗuwar jifa ba kullum gudu ba ce. Yi mata matakai: gunaguni, ƙin umarni, neman ƙarin rabo, tafiya, sai can ƙarshe cin amana. Lambar ta zauna a wurinka a ɓoye, amma alamunta su fito fili. Sarkin yaƙin da jiya yake cewa "ranka ya daɗe" yau ya tsaya a bakin ƙofa bai zauna ba, ya ce mutane suna tambayar kuɗin wata biyu. Ɗan wasa mai hankali ya ji saƙon.

Wa ke motsa mabiyan? Ɗan wasa a fagen faɗa, don kai hannunka cike yake. Amma bakinsu naka ne, kuma kana da ikon cewa "wannan ba zai yi ba sai an jefa."

Game da na hannun dama, koyi darasi daga bugu na uku. A can an sayar da shugabanci a matsayin baiwa guda da ake zaɓa daga mataki na 6. A gyaran 2003, wanda ya zaɓe ta yana samun abokin tafiya da ke bayansa da mataki biyu aƙalla, ga mabiya daga biyar har 135 na mataki na farko idan makinsa na shugabanci ya kai 25. Wani ya kashe baiwarsa a kan ƙarin maki kaɗan, wani ya samu jarumi na biyu sukutum. Shi ya sa masu jan wasa da yawa suka hana ta. Kada ka sa mabiya a sikeli ɗaya da ƙananan baiwoyi. Ko kowa ya samu a mataki ɗaya, ko a same su ta aiki cikin labari. Ka kuma toshe ramuka biyu: na hannun dama ba ya da nasa na hannun dama, kuma kai ne ke gina shi, ba ɗan wasa ba. In ka bari, za a kawo maka mai warkarwa ko maƙerin kayan sihiri wanda ba shi da wani buri a duniya sai yi wa maigida aiki kyauta. Takardarsa ta tsaya a rabin shafi: hari ɗaya, gwaninta biyu, buƙata ɗaya tasa ta kansa. Ya ci rabin rabo na makin ƙwarewa, waɗanda ake hawa mataki da su, kamar yadda tsofaffin dokoki suka yi, don kawo shi ya zama da tsada.

Kuɗi kuwa, yi lissafin da ma'auni ɗaya. A dokar 2014 ƙwararren ɗan haya tsabar zinariya 2 ne a rana, don haka talatin suna cin 1,800 a wata. Idan ka aro harajin azurfa 7 na 1978 ka ɗora wa mazauna dubu, azurfa 7,000 ke nan: zinariya 700 a canjin yanzu na goma-goma, 350 a tsohon canji na ashirin-ashirin. Ka ga giɓin. Haɗa lambobin bugu biyu ba tare da duba ba shi ke talauta mai ganuwa a wata na farko. Ni dai ina ganin ya fi kyau haraji ya rufe kamar kashi biyu cikin uku na ɗawainiya, sauran ya fito daga ganima, don jarumi ya samu dalilin sake ɗaura takobi. A yi hisabi sau ɗaya a watan wasa, layi uku, ba kullum ba.

Inda mabiya suke biyan kuɗinsu da gaske shi ne aike. Babban jarumi ba ya rasa ƙarfi, abin da ya rasa shi ne zama wuri biyu lokaci ɗaya. Ba shi doka: a farkon zama ya tura kowace runduna aiki ɗaya, rakiyar ayari, leƙen sansanin maƙiyi, kai wasiƙa, tsaron gada. A jefa dayis biyu, a ƙara 1 idan aikin sana'arsu ne, a rage 1 idan ya fi ƙarfinsu. 10 zuwa sama, an yi. 7 zuwa 9, an yi amma da asara ko jinkiri ko wani ya gan su. 6 zuwa ƙasa, sun dawo da matsala, ko ba su dawo ba. Da ƙarin 1, sau 10 cikin 36 nasara ce tsaf, sau 16 nasara mai tsada, sau 10 matsala. Tsakiyar nan da ta fi kauri ita ce za ta riƙa haifa maka labarin mako mai zuwa ba tare da ka wahala ba. A nan ne kuma za ka bambanta sana'o'i: dakarun mayaƙi su riƙe wuri, yaran ɓarawo su kawo labari, almajiran mai sihiri su rage kwanakin bincike. Wanda ba ya son jama'a, ba shi abu ɗaya mai daraja daidai, kamar dabbar hawa ta musamman, kada ya zauna hannu rabbana.

Ga aikinka kafin ka dawo. Rubuta duka a shafi biyu. Ɗauki faɗan dodon nan ka buga shi sau uku da mabiya, sau uku babu su, da agogo a gefe. Rubuta minti nawa kowane zagaye ya ci da zagaye nawa dodon ya rayu. Idan mabiya sun ƙara fiye da minti biyu ga zagaye, ko sun rage wa dodon fiye da zagaye ɗaya, rage ɓarnar runduna da kashi ɗaya cikin huɗu ka sake bugawa. Ka zo min da takardar lambobin tare da dokar.