Zan iya tuƙa jirgi da gilashin VR ba tare da babbar kwamfuta ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim. Yayana ya aiko min da gilashin VR mai suna Quest 2, irin wanda ake sawa a fuska mutum ya ga kamar yana cikin wasan, ni kuma burina in ga kaina a kujerar matuƙi cikin wasan tuƙin jirgin sama na Microsoft Flight Simulator. Ba ni da kwamfutar da za ta ɗauki wasan. An ce ana hayar kwamfuta ta intanet, ita ta yi aikin daga can. Zai yiwu a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da aka gaya maka gaskiya ne. Wasan ya fara karɓar gilashin VR tun Disambar 2020, kuma akwai masu hayar kwamfuta a kamfanin Shadow na Faransa, su jona gilashinsu da manhajar Virtual Desktop. Sai dai injinan Shadow suna Turai da Amurka, kuma nan gizo ke saƙar.

Duk lokacin da ka juya kai, sai gilashin ya aika labari can, kwamfutar ta zana sabon hoto, ta dawo maka da shi. Masu ƙera VR suna son wannan kai-da-komo ya kasance ƙasa da milisakan 20, wato kashi 20 cikin 1000 na daƙiƙa. Haske a cikin wayar intanet yana cin kusan kilomita 200 ne a milisakan ɗaya, Kano zuwa Faris kuwa ya haura kilomita 4,000. Ko da a miƙe wayar take, zuwa da dawowa ya cinye milisakan 40. Ga shi ba a miƙe take ba, sai ta gangara Legas ta bi ƙarƙashin teku. Idan ido ya ga abu bayan kai ya riga ya juya, jiri da tashin zuciya ne ke biyo baya. Gilashin yana ɗan gyara hoton da kansa, shi ya sa tuƙin jirgi ya fi wasan harbi jure jinkiri, amma wajen saukar da jirgi za ka gane kurenka.

Sai batun data. In hoton yana zuwa da megabit 50 a daƙiƙa, awa ɗaya ta lashe sama da gigabait 22. Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam da ya shigo Najeriya a 2023, zai magance raunin sabis ɗin ƙauye, amma ba zai matso da Turai kusa ba.

Ni dai ba na so ka zuba kuɗinka a wannan haya. Ka sauke wasan tuƙin jirgi na X-Plane ko Infinite Flight a waya, ko FlightGear, wanda kyauta ne, in ka samu kwamfuta ko da 'yar kwatano ce. Ka koyi karanta agogunan jirgi, tsayi da gudu da alƙibla, domin su ne ainihin tuƙin, kuma su za ka tarar in Allah Ya kai ka makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Gilashin kuma ka adana shi inda ƙura da rana ba sa kaiwa, don hasken rana kai tsaye yana ƙona allonsa. Ranar da ka samu kwamfuta mai ƙarfi, kebul kawai za ka jona masa, ka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ka nufi Dutse.