Amsoshin wasiƙunku: maganin feshi da duwan

Wani Alhaji mai shago a babbar kasuwar Garwa ta Kamaru ya ce ya samu maganin ciyawa da araha a Mubi ta Najeriya, kwali arba'in, kowace kwalba da lambar NAFDAC. Yana so ya san ko lambar ta isa ya shigo da kayan kafin a fara gyaran filayen masakwa, wato dawar rani.

Alhaji, ba ta isa ba. NAFDAC hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya ce, ikonta a bakin iyaka ya tsaya. A Kamaru dokar kare tsirrai ta 2003 ke aiki. Maganin feshi sai ya samu rajista a ma'aikatar noma, wato MINADER, mai shigo da shi kuma sai yana riƙe da izini da sunansa. Takardu biyu ne daban. Kuma Najeriya ba ta cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka da Kamaru ke ciki, don haka kayanta kayan waje ne, sai an bayyana su a duwan, wato kwastan. Rasidin duwan kuwa ba ya halatta maganin da ba shi da rajista.

Amma ni arahar ce ta fi tayar mini da hankali. Wa ya ce maka abin da ke rubuce a jikin kwalbar shi ne a ciki? Na taɓa riƙe irinta a hannuna a wata kasuwar ƙauye: takardar ta jeme, an kankare ranar lalacewa an buga sabuwa a kai, murfin kuma da gam aka liƙe shi. Yara ke tsinto tsofaffin kwalabe, wani ya ɗura musu ruwa mai kala. Manomi ya ci bashi ya saya, ya yi feshi, bayan sati biyu ciyawa na nan kore shar. Ba Mubi zai tafi ba, ƙofar shagonka zai zo ya tsaya. Wannan ma da sauƙi. Wani lokacin gubar da aka haramta ce a ciki, irin su endosulfan da yarjejeniyar Stockholm ta sa a jerin haramtattu a 2011. Ka duba lambar rajistar Kamaru, ka duba ko lambar kwalba ta zo ɗaya da ta kwali, ka duba zanen launin da ke ƙasan takarda. Ja shi ne mafi haɗari. In mai kaya ya fara yi maka rantsuwa maimakon ya nuna takarda, ɗauki kuɗinka ka tashi.

Wani kuma, bai sa suna ba, yana tambaya ko ya rubuta "sabulun ruwa" a takardar kaya don a rage masa kuɗin fito. Malam, ni ba dillalin fasa-ƙwauri ba ne. Ranar da aka farke kwalin, kaya sun tafi, ga tara a kai.

Wani matashi mai fenti a Marwa ya yi odar duro biyu na sinadarin acetone ta tashar Duwala, wakilinsa ya ce masa sai da izini na musamman. Ya ce tun ranar bai yi barcin kirki ba, yana tsoron a kama shi.

Kwantar da hankalinka, ɗana, ba ka yi laifi ba. Acetone da toluene suna cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 ta ce a sa wa ido, saboda masu haɗa miyagun ƙwayoyi ma suna amfani da su. So ake a san wa ya saya, kuma me zai yi da shi. Ka nemi takardar bayanin sinadarin daga kamfanin, ka haɗa da takardun sana'arka, kuma ka hana a loda kayan a jirgi sai izini ya fito, domin kuɗin ajiya a tasha kullum hawa yake. In son samu ne ma, duro biyu bai kai wannan wahala ba. Saya wurin babban dila mai izini, ka karɓi rasidi. Ka kuma nema masa inuwa nesa da wuta, ka san zafin Marwa a watan Afrilu.

Wata Hajiya daga Kusiri tana tambaya ko za ta iya kai maganin feshi mai rajistar Kamaru zuwa Injamena a Cadi. Hajiya, rajistar Kamaru ba za ta tsallaka miki gadar Ngeli da ta haɗa Kusiri da Injamena ba. Cadi tana cikin ƙungiyar ƙasashen Sahel da kwamitinsu na maganin feshi ke zama a Bamako, don haka ki bar dilan Injamena ya nemo izinin can kafin ki ɗaure ko kwali ɗaya.