Raɗe-raɗin sabon filin golf a Birnin Kebbi: ta ina ake gane na gaske, kuma wane fili ne kan gaba a Arewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, na koyi buga golf lokacin da nike aiki a Kaduna. Kwanan nan ana ta yaɗa zance a WhatsApp cewa za a gina filin golf mai rami 18 a bayan gari. Wasu na cewa hanyar Argungu, wasu na cewa bakin fadama, har da hoton zane. Ta yaya mutum zai gane ko da gaske ne? In kuma anka gina shi, wane matsayi zai samu cikin filayen Arewa, kuma wanne ne na ɗaya yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Hoton zanen nan ka fara ajiye shi gefe, domin duk yaron da ya iya kwamfuta zai haɗa maka irinsa kafin la'asar. Abin da ba ya ɓoyuwa shi ne ƙasa da ruwa.

Fili mai rami 18 yana cin hekta 50 zuwa 70, tsawon wasansa kuma in an haɗa ramukan yakan kai mita 6,000 zuwa 6,500. Mai rami 9 yana shiga cikin hekta 25 zuwa 30. Ƙasa mai wannan girma a kewayen Birnin Kebbi gonakin mutane ce, kuma tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ba a karɓe ta sai ta hannun gwamna. Saboda haka in da gaske ne, tun kafin a ga katafila za a ga safiyo yana kafa duwatsun iyaka, hakimi da masu gari za su san da maganar, manoma za su fara zancen diyya. Tambayi mutanen ƙauyen da ake ambata. In babu wanda aka auna wa gona, zancen bai wuce baki ba. In aikin gwamnati ne, sunansa zai fito a kasafin kuɗin jiha da adadin da aka ware masa; in na ɗan kasuwa ne, za a ji labarin takardar mallakar filin a ma'aikatar filaye.

Amma tambayar da ke raba mai niyya da mai burga ita ce: daga ina ruwan zai fito? Ga lissafin, ka riƙe shi. Milimita ɗaya na ruwa a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. A Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, ciyawar da ake yankewa tana shan wajen milimita 7 a yini, wata rana fiye. In za a shayar da hekta 30 kawai daga cikin filin, ana bukatar lita miliyan 2 da dubu 100 kowace rana, wato tankar mai ɗaukar lita 33,000 sama da sittin. Kuma damina a nan daga Yuni ne zuwa Satumba; sauran watannin duk na ban ruwa ne. Rijiyar burtsatse mai ƙarfi da ke ba da lita 20,000 a awa, in ta yi aikin awa 16, ta ba ka lita 320,000. Ka ga sai an haƙa irinta shida ko bakwai. Sa'an nan ba kai tsaye ake feshi daga rijiya ba. Da dare ake ban ruwa, cikin awa takwas ko ƙasa da haka, don rana na ƙone wani kaso na abin da aka fesa, iska kuma na kwashe shi. Dole a haƙa tafki a shimfiɗa masa leda mai kauri, wanda zai riƙe ruwan kwana uku zuwa biyar, domin ran da famfo ko janareta ya tsaya a Afrilu, kwana biyu sun isa ciyawar girin, wato dandalin da ramin ke ciki, ta ƙone.

Ta wannan fuskar Birnin Kebbi da Argungu ba su yi rashin sa'a ba. Suna kan shimfiɗar yashi mai riƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, wadda masana ke kira da sunan Gwandu, ga kuma gulbin Rima. Zuru ta fi su tudu da kwari masu kyan gani da ruwan sama, amma ƙarƙashinta dutse ne, rijiya ba ta cika ba da ruwa mai yawa ba. Yauri na da Neja a bakin ƙofa. Ko ina aka zaɓa, a kai ruwan ɗakin gwaji a duba gishiri da ƙarfe, saboda ruwa mai ƙarfe yana toshe kawunan feshi, mai gishiri kuma yana taruwa a saiwa sannu a hankali har ciyawa ta fara rawaya ba a san dalili ba.

Masu cewa bakin fadama za a yi, da sun tuna ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a jihar nan da sun sake tunani. Ƙasar fadama laka ce: da damina ta riƙe ruwa ƙwallo ya nutse, da rani ta dare. Ambaliya ɗaya in ta zauna kan girin ta bar masa taɓo, sai an kankare an sake. Ban da haka, fadama ita ce abincin mutane, diyyarta ta fi tsada, rigimarta ta fi daɗewa. Jigawa mai yashi, a kan tudu, kusa da inda za a jawo ruwa, ita ce wurin golf. A kuma duba kada filin ya datse burtali, in ba haka ba kowace safiya sawun shanu za a tarar a kan ciyawa, shingen waya kuma ba ya hana akuya.

Yanzu girin, wato dandalin lallausar ciyawa da ramin ke ciki. Nan kuɗi ke tafiya. Kowanne yana da faɗin murabba'in mita 400 zuwa 600. Ginin da aka yarda da shi: a haƙe, a jera bututun magudana tazarar da ba ta wuce mita 5 ba, a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 10, a ɗora yashi tankaɗaɗɗe da aka gauraya da ɗan ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 30. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗan kwangila ya cika da jar ƙasa ko baƙar ƙasar lambu don ya rage kashe kuɗi. Shekarar farko ciyawa ta yi shar, kowa ya yaba. Shekara ta biyu ƙasar ta daskare saboda tattaki, ruwa ya daina shiga, saiwa ta tsaya a sama, gansakuka ta rufe. Ciyawar da ke jure zafinmu ita ce dangin kiri-kiri, wadda ake kira Bamuda. Ta gida tana yi a hanyar ƙwallo, wato shimfiɗar da ke tsakanin wurin bugun farko da girin, inda ake yanka a tsayin milimita 10 zuwa 15. A girin ana yanka a milimita 3 zuwa 5, kusan kullum, kuma nan sai iri mai ƙananan ganye, da injin yanka mai wuƙa ta nadi. Injin da ake yanke ciyawar gida da shi yaga yake yi. Wuƙar nan kuma tana son wasawa da saiti, ga ƙurar hunturu da ke dakushe ta, don haka makanike na cikin ma'aikatan farko da ya kamata a ɗauka. Dasa saiwa ake yi, a farkon damina, ta rufe ƙasa cikin mako 8 zuwa 12, amma sai ta ƙara wasu watanni kafin ta ɗauki tattaki. Daga share fili zuwa bugun farko, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne in kuɗi bai yanke ba. Wanda ya ce maka wata shida, bai taɓa yi ba.

Sauran abokan gaba ka san su: gara mai cin saiwa da tara shuri cikin dare, da ƙarangiya da ke cika gefen fili ta manne wa wando da safa. Darbejiya na da inuwa, amma kada a dasa ta kusa da girin, don kiri-kiri ba ta son inuwa, saiwar itacen kuma tana bin bututu. Gawo ya fi dacewa a gefen hanyar ƙwallo, tunda yana zubar da ganye da damina ya yi inuwa da rani.

A ganinmu, abin da ya dace da Kebbi a karon farko shi ne rami 9, kuma ko dai a shayar da girin da dandamalin bugun farko kaɗai, ko a fara da birawun, wato dandalin yashi a maimakon girin. Girin da dandamali na cikakken fili duka ba su wuce hekta 2 ba, wato lita 140,000 a yini, na rami 9 kuwa rabin haka. Rijiya ɗaya mai kyau ta ɗauka. Birawun ka san shi tunda ka yi wasa a Arewa: a daddaɓe burji, a shimfiɗa yashi tankaɗaɗɗe santimita 2 zuwa 3 da aka cuɗa da mai, a ja shi da buhu ko katako a daidaita layi kafin kowa ya buga. Mai ya yi yawa, ƙwallo ya manne ya yi baƙi. Ya yi kaɗan, iskar hunturu ta kwashe yashin. Baƙin mai aka saba sa wa, kuma shi ne aibinsa, don yana tsiyaya cikin ƙasa. Kusa da rijiya ko fadama gara a nemi man tsiro. Kada wani ya raina birawun. Gasar Nigerian Open da ƙwararrun Turai suka riƙa zuwa bugawa a Ikoyi da ke Legas an daɗe ana yin ta a kansa.

Batun wanne ne na ɗaya kuwa, ya danganta da watan da ka je. A Satumba kowane fili kore ne, har wanda ba a kula da shi. Ka auna fili a Afrilu don ka ga ruwansa, ka koma a Agusta bayan ruwan dare don ka ga magudanarsa. Mirgina ƙwallo uku daga wuri ɗaya a kan girin: in sun bi layi ɗaya sun tsaya kusa da juna, ana aiki, in suna tsalle, ba a yi. Leƙa ramin, wanda faɗinsa milimita 108 ne, ka ga ko bakinsa a yanke yake tsaf ko ya zube, alamar an kwana biyu ba a sauya masa wuri ba. Taka kwarin yashin da ake yi don tare ƙwallo ka ji ko yashi ne ko ya zama daɓe. Bayan haka sai tsarin wasa: cikakken fili mai ƙa'idar bugu 72, wato yawan bugun da ake sa ran gwani ya gama da shi, yakan haɗa gajerun ramuka huɗu, dogaye huɗu, matsakaita goma, kuma nagari shi ne wanda zai sa ka taɓa yawancin sanduna 14 da ke jakarka. Ƙawar gidan kulob da abincinsa a sa su ƙarshe, ko da yake su mutane suka fi ɗauka a hoto.

Da wannan ma'auni, filin IBB da ke Abuja shi ne kan gaba, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. An buɗe shi a 1991, rami 18, ciyawa daga farko har ƙarshe, da tafkuna da rafuka da ke shiga cikin wasan, ga hawa da gangara a gindin dutsen Aso. Daminar Abuja ta fi tamu tsawo da watanni, wannan kaɗai ya rage masa rabin wahala. Na biyu muna ba Jos. Rayfield, wanda aka kafa a 1913 zamanin Turawan haƙar kuza, shi ake ɗauka a matsayin mafi daɗewa a Najeriya, kuma garin na kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, saboda haka za ka zagaye rami 18 da ƙafa da rana ba ka galabaita ba. Lamingo ma na nan cikin garin, mai ziyara ya samu fili biyu a tafiya ɗaya. A Arewa maso Yamma, Kaduna muke sa wa gaba, sai Kano, sai Zariya. Tsofaffin kulob ne na zamanin Turawa, a shimfiɗe suke ba tudu sosai, ƙarfinsu manyan itatuwa da mambobi masu fitowa kullum da yaran jaka da suka san kowane lungu, waɗanda daga cikinsu ne ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan da dama suka fito. Tsakanin Kaduna da Kano matsayi na iya juyawa daga shekara zuwa shekara, gwargwadon kwamitin da ke riƙe da kulob da lafiyar famfonsa.

Sabon fili a Birnin Kebbi ba zai shiga wannan jeri ranar da aka yanke kyalle ba. Sai ya ga rani uku, lokacin da kuɗin gini ya ƙare aka koma kan kuɗin dizal, taki, albashi da kayan gyara. Fili mai rami 18 na son ma'aikatan ciyawa goma sha biyar zuwa ashirin, kuma kuɗin mambobi ne ke riƙe su, don gwamnatin da ta gina na iya sauka wadda ta gaje ta ba ta da sha'awa. Saboda haka ku masu bugawa a gari ku ƙirga kanku tun yanzu: mutum nawa ne za su biya kuɗin shekara ba tare da an bi su ba? In kun kai hamsin, ku yi rajistar kulob, ku nemi shiga Hukumar Golf ta Najeriya, ku roƙi hekta uku ko huɗu a kan jigawa don wurin atisaye mai tsawon mita 250 da birawun biyu ko uku. Duk mai shirin zuba kuɗi a babban fili, jerin sunayen nan zai fara tambaya, kuma ku ne za ku samu bakin tambayarsa rijiya nawa ya haƙa da lita nawa kowacce ke bayarwa a awa.